Toyota 86 Ta Hannu: Abin Da Mai Saye Zai Auna Kafin Ya Miƙa Kuɗinsa

A cikin motocin wasanni, wato ƙananan motoci masu ƙofa biyu da aka ƙera domin daɗin tuƙi, kaɗan ne farashinsu ya sauko har matashi mai matsakaicin samu ya fara lissafin mallakarsu. Toyota 86 tana cikin waɗannan kaɗan ɗin. An fara sayar da ita a 2012, don haka rukunin farko sun haura shekara 10 a kan titi, sun ratsa hannun mutum biyu ko uku, wasunsu kuma sun ƙare a filayen gwanjo na Amurka, inda dillalan Najeriya ke sayo da yawa daga cikin motocin da ake kira tokumbo. Wanda ya gan ta a shafin wani dillali a Instagram, jajir da ita tana sheƙi, ga tambarin Toyota a goshinta, yana iya ɗauka ƙanwar Corolla ce da ta ci kwalliya. Wannan zato shi ne kuskuren farko da mai saye kan yi, kuma shi ya fi kowane kuskure tsada.

Mota ɗaya mai suna huɗu

Motar haɗin gwiwa ce tsakanin kamfanoni biyu na Japan. Toyota ta sayi hannun jari a kamfanin da ke ƙera Subaru a 2005, ta ƙara shi a 2008, sannan a baje kolin motoci na Tokiyo na 2009, shekarar da Akio Toyoda ya zama shugaban kamfanin, aka nuna samfurin farko mai suna FT-86. Injiniyan da ya jagoranci aikin daga ɓangaren Toyota shi ne Tetsuya Tada. Amma a masana'antar Subaru da ke yankin Gunma ake haɗa motar, kuma injinta na Subaru ne. Toyota ta ba da fasalin jiki da tsarin fesa mai da take kira D-4S.

Wannan ya sa mota ɗaya ta fito da sunaye daban-daban. A Japan sunanta 86, a Turai GT86, a Amurka kuwa Scion FR-S har zuwa 2016 da Toyota ta rufe sunan Scion, daga nan ta koma Toyota 86. Subaru tana sayar da tata da sunan BRZ. Bambancin da ke tsakaninsu bai wuce bamba da fitilu da saitin ƙafafu ba. Lambar 86 ta samo asali ne daga tsohuwar Corolla AE86 ta shekarun 1983 zuwa 1987, wadda ta yi suna a wasan zamiya a kan hanyoyin duwatsun Japan. Rukuni na biyu, GR86 da sabuwar BRZ, ya fito daga 2021 da inji mai lita 2.4, sai dai har yanzu tsadarsa ta fi ƙarfin galibin masu neman ta hannu, don haka maganar nan ta fi karkata ga rukunin farko.

Abin da rashin nauyi ke saya

Injin rukunin farko mai lita 2 ne, silinda huɗu, yana ba da ƙarfin doki kimanin 200. A zamanin nan wannan ba abin tinƙaho ba ne. Camry mai silinda shida ta 2013 tana da ƙarfin doki 268, kuma a miƙaƙƙen titi za ta bar 86 a baya. Alƙaluman kamfanin a Turai sun nuna mai giyar hannu tana kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 7.6. Duk wanda burinsa ya tsere wa abokai daga danja zuwa danja, ya nemi wata motar.

Darajar 86 tana ga nauyinta, wanda yake kusa da kilo 1,250, kwatankwacin Corolla ta zamaninta, alhali Ford Mustang mai silinda takwas tana haura kilo 1,600. Mota marar nauyi tana tsayawa da wuri idan an taka birki, tana juya kwana ba tare da ta rinjayi direba ba, ba ta cin taya da birki kamar mai nauyi, kuma ba ta shan mai sosai idan ana tafiya a hankali. Injin nata irin wanda silindojinsa ke kwance ne, biyu a dama biyu a hagu, saboda haka an iya sauke shi ƙasa ƙwarai, nauyin motar ya taru kusa da titi. Ƙarfin injin yana zuwa ne ga tayoyin baya, saɓanin Corolla da Camry da Accord da ke ja da tayoyin gaba.

Akwai wani zaɓi da injiniyoyin suka yi da gangan wanda mai saye ya kamata ya fahimta. Sun sa mata tayoyi marasa faɗi, irin Michelin Primacy da ake samu a wasu nau'o'in Prius, domin bayan motar ya riƙa zamewa cikin sauƙi ko da ba a gudu mai yawa. A filin tsere wannan nishaɗi ne. A kan titin da ruwan sama ya jiƙa, ko wanda yashi ya rufe gefensa kamar yadda ake gani a garuruwan Arewa, direban da ya saba da motar da ke ja da gaba zai iya samun kansa yana kallon inda ya fito. Motar tana da na'urar hana zamewa, tana kuma da maɓallin kashe ta, kuma matasan da suka riƙe ta a baya sun san inda maɓallin yake.

Injin yana da wani rauni da masu motar suka daɗe suna kuka da shi: ƙarfinsa yana ɗan faɗuwa a kusa da juyi 4,000 a minti, daidai inda direba ke buƙatarsa idan zai wuce tirela. Sai an sauke giya an kai shi kusa da 7,000 yake nuna abin da ya iya. Ma'anar wannan ga mai sayen ta hannu ita ce, kusan duk 86 da aka ji daɗinta an sha kai injinta ƙarshen ƙarfinsa.

Tarihin motar ya fi shekarunta muhimmanci

Nan ne maganar ta fi nauyi. Mutum yakan sayi Corolla don ya je aiki ya dawo. Wanda ya sayi 86 sabuwa a Amurka ya saye ta ne don ya yi wasa da ita, kuma masu sayen ta na biyu da na uku galibi matasa ne masu ƙarancin kuɗin kula da ita. Don haka motoci biyu masu shekara ɗaya da tafiya iri ɗaya a mita suna iya bambanta kamar dare da rana.

A ƙarshen 2018 Subaru da Toyota suka yi kiranyen motoci saboda sifirin ɗin bawul da ke iya karyewa, lamarin da ya shafi BRZ da FR-S na farko-farko, wato samfurin 2013 a lissafin Amurka. Gyaran ba ƙarami ba ne, domin sai an sauke inji an buɗe shi. Bayan haka wasu masu motar suka yi ƙorafin cewa injinansu sun lalace jim kaɗan da gyaran, kuma aka fi zargin gam ɗin da ake shafawa wajen rufe inji: idan ya yi yawa yakan gutsure ya faɗa cikin kwanon baƙin mai, ya toshe rariyar bututun da ke zuƙo man, inji ya yi ta juyi babu isasshen mai har ya kama. Saboda haka tambayar kashi biyu ce. Shin an yi gyaran kiranyen? Idan an yi, tafiyar kilomita nawa motar ta yi bayansa lafiya? Wadda ta yi dubban kilomita bayan gyara ta fi kwantar da hankali a kan wadda aka gyara aka ajiye. Irin wannan ƙorafi na gam ya sake tasowa a kan GR86 a 2022, don haka sabon rukunin ma bai tsira daga zargin ba.

Kowace mota tana da lambar shasi mai harafi da lamba 17. Da ita ake iya duba shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka a ga ko akwai kiranyen da ba a yi ba, da ita kuma ake sayen rahoton tarihi daga kamfanoni irin su Carfax. Sau da yawa ma idan aka rubuta lambar a Google hotunan motar a filin gwanjo kan fito, yadda take kafin mai gyaran jiki da mai fenti su taɓa ta. Dillalin da ya ƙi ba da lambar shasi kafin a biya kuɗi ya riga ya ba da amsa.

Dalilin wannan bincike a bayyane yake. Manyan kamfanonin gwanjo na Amurka, Copart da IAA, suna sayar da motocin da kamfanonin inshora suka yanke cewa gyaransu ya fi ƙimarsu tsada. Sayen irin waɗannan da araha, a kawo su a gyara a Legas ko Abuja ko Kano, sana'a ce da ta daɗe, kuma ba duka ne abin gudu ba. Motar da aka daka wa bamba daban take da wadda shasinta ya karkace. Sai dai a motar da duk amfaninta yake ga daidaiton ƙafafunta, karkacewar shasi ko ƙanƙanuwa ce ta kashe abin da aka biya kuɗi dominsa. Mafi haɗari su ne waɗanda ambaliya ta shanye, domin ruwa yana cin wayoyi da kwamfutocin mota a hankali, matsalar ba ta bayyana sai bayan watanni. Tsatsa a ƙarƙashin kujera, laka a ramin tayar safiya, da warin danshi da aka rufe da turaren mota, duk alamu ne. Haka nan a tabbatar jakunkunan iska na nan da gaske, domin akan rufe gurbin wadda ta fashe a kashe fitilar gargaɗinta.

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa, zuwa ƙasashen da yawancinsu dokokinsu na tantance ingancin irin waɗannan motoci ba su da ƙarfi. A aikace, aikin tantancewa ya koma kan mai saye shi kaɗai.

Sauran abubuwan dubawa ba su kai waɗannan nauyi ba. A masu giyar hannu na farko, boris ɗin kuloci yakan yi ƙara ya lalace da wuri. Famfon mai yakan yi wani sauti kamar kukan gyare, wanda galibi ba ya nufin matsala. Fitilun baya kan tara raɓa. Wadda aka ƙara wa turbo ko aka taɓa kwamfutar injinta, ko aka sauke ƙafafunta ƙasa, gara a bar ta ga wanda ya san wanda ya yi aikin.

Mai, titi da bakanike

An ƙera injin 86 da matsi mai yawa, 12.5 bisa 1, kuma irin wannan inji yana buƙatar fetur mai daraja ta sama: lamba 98 a ma'aunin Turai, 93 a ma'aunin Amurka. A can direba yana zaɓar nau'in da yake so a bakin famfo. A gidajen man Najeriya fetur iri ɗaya ne ga kowa, daga mai babur har mai motar wasanni. Idan darajar man ta gaza, yakan kama wuta kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Kwamfutar motar tana jin wannan ta rage ƙarfi don kare injin, wato mai motar ya biya kuɗin doki 200 yana tuƙa ƙasa da haka. Idan aka haɗa da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri da kuma taka totur har ƙasa, kariyar tana iya gazawa. Ba a manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da NNPC ta amsa cewa an shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima daga Beljiyam, motoci suka lalace, layuka suka dawo gidajen mai. Injin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda da matsi mai ƙarfi ba ya jure gurɓataccen mai kamar tsohuwar Golf.

Sai titi. Tazarar cikin motar da ƙasa kimanin santimita 13 ce. Tuddan rage gudu da mazauna unguwa ke ginawa da kansu, ramukan damina, da gangaren shiga gida, kowannensu yana iya taɓa bamba ko ƙasan inji. Tayoyinta masu siririn gefe ne a kan rim mai inci 17, rami ɗaya a cikin gudu ya isa ya lanƙwasa shi. Tsayinta gaba ɗaya kimanin mita 1.3 ne, abin da ke nufin direban tanka ko tirela a hanyar Kaduna zuwa Kano yana iya rasa ganinta a madubinsa. Dokar hanya kuma ta ƙayyade wa motocin gida gudun kilomita 100 a sa'a a kan babbar hanya, 50 a cikin gari. Wuraren da aka tanada don gwada irin wannan mota cikin aminci ba su da yawa a ƙasar, shi ya sa wasan ke komawa titunan unguwa da ranakun ɗaurin aure, inda kuskuren direba ɗaya ke faɗawa kan 'yan kallo.

Game da gyara, tambarin Toyota yana yaudara. Bakaniken da ya ƙware a Corolla da Camry zai buɗe bonet ya tarar da injin Subaru. Canjin fulogi kaɗai aiki ne, domin suna gefe a matse da jikin mota, har akan ɗan ɗaga injin kafin hannu ya kai. Baƙin man da kamfani ya tsara mata shi ne 0W-20, ba mai kaurin da aka saba zuba wa kowace mota ba. Kayan Corolla suna nan birjik a Ladipo da Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo, amma fitila ko gilashi ko bambar 86 sai an yi oda daga waje, a biya da dala, a jira makonni. Bonet ɗinta na alminiyam ne, wanda ba ya miƙewa da guduma kamar ƙarfe.

Inda siyasa ta shigo lissafi

Farashin motar da ke kan allon dillali sakamako ne na shawarwarin da aka yanke a Abuja. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, abin da ya rufe halastacciyar hanyar Kwatano, da wadda ke bi ta Nijar ta shigo Katsina, ya bar tashoshin ruwa kaɗai. A 2022 hukumar kwastam ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar shasi, masu fito da kaya a tashoshin Legas suka yi yajin aiki a kai. A shekarar ce kuma aka tsayar da harajin motocin hannu a kan kashi 20 cikin 100 da ƙarin kashi 15, aka kuma rage iyakar shekarun motar da za a shigo da ita daga 15 zuwa 12. Wannan ƙa'ida ta shekaru ta riga ta fara cim ma samfurin farko na 86, don haka wanda zai yi oda daga waje ya tabbatar da matsayin dokar a ranar da zai biya.

Sai kuma 2023. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki a wurare da yawa, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da ke kusa da naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Tunda kwastam da farashin dala take lissafin fito, mai shigo da mota ya sha bugu biyu: a wajen saye da a wajen fitarwa. Tankin 86 yana cin lita 50. Ga mai Corolla faɗuwar naira tana zuwa da sauƙi-sauƙi, saboda akwai tsofaffin kaya a kasuwa da na China masu araha. Ga mai 86 kowane gyara lissafin dala ne kai tsaye.

Takardu ma suna da nasu tarko. Motar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya tana da araha, kuma kwastam na iya kama ta a kan hanya ko bayan shekaru, asarar kuma ta wanda aka samu da ita ce. Ana iya tantance takardar fito a ofishin kwastam kafin ciniki. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun Afrilun 1972, kuma ba a yarda da shigo da mota mai sitiyari a dama ba. Wannan ya fitar da 86 ta Japan da ta Birtaniya da ta Afirka ta Kudu daga lissafi. Wadda aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu a gareji abar gudu ce a kowace mota, balle wadda aka saya don juya kwana da gudu. Abin da ya rage shi ne na Amurka da Kanada, na Turai, da na ƙasashen Larabawa na yankin Gulf.

Inshorar dole ta naira 15,000 da aka fara aiki da ita a Janairun 2023 tana biyan ɓarnar da aka yi wa wani ne kawai, ba ta gyara motar mai ita. Mota mai ja da baya a hannun sabon direba, wadda fitilarta ɗaya sai an yi oda, tana buƙatar cikakkiyar inshora, kuma wannan kuɗi ne na kowace shekara.

Wa ta dace da shi

Kujerun baya na 86 suna nan ne don cika sharaɗi. Babban mutum ba zai zauna a ciki daga Zariya zuwa Kaduna ba. Kamfanin da kansa ya yi alfahari ne da cewa idan an kwantar da su tayoyi huɗu za su shiga, domin mai zuwa filin tsere. A ƙasar da mai mota ɗaya shi ne mai kai mahaifiya asibiti, mai ɗauko 'yan makaranta, mai jigilar 'yan biki da buhun shinkafa, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Matashin da ita ce za ta zama motarsa ta farko kuma tilo, musamman idan bashi zai ci ko zai zuba duk ajiyarsa, lissafin bai goyi bayansa ba.

Wanda yake da wata motar ta yau da kullum, yana zaune inda titi ke da kyau, ya riga ya samu bakaniken da ya san injin Subaru tun kafin ya saya, kuma ya ware wani kaso mai kauri na kuɗin don gyaran shekarar farko, zai sami motar da ke koyar da tuƙi fiye da masu ninkin kuɗinta. A gare shi samfurin 2017 zuwa sama ya fi, domin ya wuce kiranyen bawul, an ƙarfafa wasu sassa, mai giyar hannu kuma ta sami ƙarin doki 5. Ya je dubawa da safe, inji yana sanyi, domin dillali mai wayo yakan ɗumama mota kafin baƙo ya iso. Ya sa a ɗaga ta a duba ƙasa, a jona mata na'urar kwamfuta a ga ko an goge bayanan matsala kwanan nan, a auna matsin kowace silinda, sannan ya tuƙa ta a miƙaƙƙen titi ya sassauta riƙon sitiyari ya ga ko tana ja gefe.

Ya kuma yi tunanin ranar sayarwa tun ranar saye. Corolla mai lafiya takan sami mai saye cikin kwanaki a kowace kasuwar motoci daga Kano zuwa Fatakwal. Masu neman 86 'yan kaɗan ne, galibinsu a Legas da Abuja, kuma sun san duk abubuwan da aka lissafa a nan. Za su nemi lambar shasi, za su tambayi takardar gyaran bawul, za su leƙa ƙasan bamba su ƙirga tuddan da ta hau.